Yadda Na Bi Sawun 'Yar Farina a Wayar Hedimasta

Noman rake na gada a Kudan, shi nake yi har yanzu da gwiwoyina suka fara yi min gardama. Karatuna na boko firamare ne, sai ɗan leƙen da na yi a makarantar horon malamai kafin mahaifinmu ya kwanta ciwo a dawo da ni fadama. Hausa ina karanta ta ba gargada. Turanci kuwa sai dai in tsinci kalma nan, in tsinci wata can, in haɗa da zato.

'Yar farina malamar jami'a ce. Abin da ta karanta, kuma take koyarwa, shi ne halayyar ɗan Adam a cikin jama'a: me ke sa mutum yana shi kaɗai ya zama dabam, in ya shiga taro ya koma wani, me ke sa a bi maganar da aka san akwai gyara a cikinta don kawai kowa ya bi. Wannan bayanin ma ban daɗe da iya shi ba. Shekaru masu yawa in an tambaye ni aikinta sai in ce tana birni, in kau da zancen.

Kowa ya san alkunyar ɗan fari, amma a gidanmu mun ɗauke ta da nauyi fiye da maƙwabta. Ana yaye yarinyar yayana ya zo ya tafi da ita Makarfi, a hannunsa ta tashi, shi ya sa ta makaranta. Ni da mai ɗakina ba mu taɓa kiran sunanta ba. "Ta Makarfi" muke cewa, har ƙannenta suka ɗauka, wasu yaran unguwa ma sun zaci sunan yanka ne.

Ranar da ta gama digirinta na farko ta zo Kudan da takardar shaida a cikin leda, da hoton da ta ɗauka sanye da doguwar riga da hula mai tuntu. Lokacin matsar rake ne. Ina zaune kusa da murhu tare da abokaina, ana tuƙa ruwan rake a kasko, ƙamshin mazarƙwaila ya cika wurin. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaida, sannan ta miƙo min ledar da hannu biyu. Ina hango hoton ta cikin ledar, daɗi kamar ya kashe ni. Amma idon mutane yana kaina. Ban karɓa ba. Na ce, "Ki kai wa babanki na Makarfi," na juya ga na kusa da ni na tambaye shi yadda taki yake a kasuwar Ikara. Abokaina suka yi ta sa mata albarka, wani ya karɓi hoton yana jujjuyawa, ni kuwa ina ta zancen taki. Ta mayar da kayanta cikin leda, ta ce, "To, Baba," ta shige cikin gida.

A lokacin gani nake na yi abin da ya dace da dattijo, don haka na ga mahaifina yana yi wa yayana. Abin da na manta shi ne mahaifinmu yakan ɗinka riga ya aika wa yayana ta hannun kawunmu, kuma a gaya masa daga inda ta fito. Ni sai na riƙe kunyar na yar da aiken.

Daga ranar ba ta sake kawo min komai na karatu ba. Digiri na biyu da na uku a bakin yayana na ji su, shi ma a tsakiyar wani zancen. Takan zo da Sallah da kayan shayi da turamen atamfa na uwarta, ta durƙusa mu yi gaisuwa doguwa: ya hanya, ya aiki, ya yara, ya maigidan, ya gwiwa, ya damina. In mun kai ƙarshe mu sake komawa farko, sannan ta tashi. Ba faɗa tsakaninmu, ba kuma hira. Na san a ranta ta yanke cewa ubanta bai damu da abin da take yi ba, ni kuma ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Maƙwabcina tsohon hedimasta ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Aiki ya kawo shi Makarfi yana saurayi, daga baya aka mayar da shi Kudan, da ya yi ritaya ya ce ba inda za shi, Hausarsa ta riga ta fi yarensu kaifi. Shi ya koyar da ita a firamare, don haka bai taɓa ce mata komai ba sai "ɗalibata". Duk Lahadi in ya taso daga coci yakan biyo ta ƙofar gidana ya karɓi sandar rake, wai haƙƙin maƙwabtaka ne, ni kuma in ce masa bara ce da takalmi sau ciki.

Wata Lahadi bai nemi rake ba. Ya zauna a kan dakali ya ciro wayarsa, irin mai faɗin nan da ɗansa ya aiko masa, ya gyara tabarau ya ce, "Sarkin rake, matso ka ga ɗalibata."

Wani shafi ne a intanet da ake jera ayyukan malaman jami'a. Ga hotonta a sama da farin mayafi, ba ta murmushi, kamar kakarta in an taɓa mata kaji. A ƙasa kuma sunayen maƙalolin da ta rubuta a mujallun masana, suna ta tafiya in ya ja da yatsa. Kowace da lamba a gefenta.

Na ce, "Wannan lambar fa? Abin da aka biya ta ne?"

"Kai komai sai ka kai shi kasuwa," in ji shi. "Yawan waɗanda suka ambace ta ne. In wani masani yana rubuta nasa binciken, ya ɗauko magana daga nata, dole ya faɗi inda ya samo. Duk wanda ya faɗa, sai lambar ta ƙaru. Da wannan ake gane ko aikin mutum yana amfanar mutane ko yana kwance ƙura na hawa."

Nan take na gane, domin na ɗan yi karatun zaure a Gazara ina matashi. Malaminmu in ya kawo magana ba ya barinta haka, sai ya ce ya karɓo ta daga wane, shi kuma daga wane, har ya kai inda zai kai. Yakan ce wanda ya ɓoye malaminsa ya rage wa karatunsa albarka. Ashe 'yan boko ma suna da irin wannan ladabin.

"Su waye masu ambaton?"

"Malaman jami'o'i. Wasu a nan ƙasar, wasu a ƙetare."

"Sun san ta?"

"Yawancinsu ba su taɓa ganinta ba."

"Kuma haka kawai suke kama sunanta gatsau?"

Ya kwashe da dariya har tabarau ya zame. Ya buɗe ɗaya daga cikin rubuce-rubucen ya nuna min. Sunana na gani ɓaro-ɓaro, sai harafi ɗaya tak a bayansa. Ya ce haka tsarinsu yake, sunan uba ake rubutawa cikakke, nata kuwa harafin farko kawai. Ya ce ranar da aka kawo ta makaranta shi ya riƙe biro, yayana ya ce a rubuta mata sunan mahaifinta na Kudan.

Na ce, "Ashe su ma suna alkunya."

Muka yi dariya tare. Amma da na shiga gida na kasa cin abinci sosai. Sunana yana yawo a ƙasashen da ban san hanyarsu ba, a goye a bayan aikin yarinyar da na ƙi karɓar takardarta.

Daga nan muka ƙulla ciniki. Ni ke sa masa data, shi ke karantawa, kuma na sa ya yi min alkawarin ba zai gaya mata ba. Duk Lahadi sai in tanadi raken da ya fi zaƙi in zauna a dakali ina duban hanyar coci. In huɗubarsu ta yi tsawo har haushin faston nake ji. Ya zo ya zauna, sai ya gama shan gaɓa guda yana ja min rai, sannan ya ciro wayar. Wani makon mu tarar lamba ta motsa, ya bi ya gano mai ambaton, ya ce wannan daga Indiya ne, wannan daga Kenya. Wani makon kuma ba motsi. Akwai wata maƙala da ke can ƙasa, ba kowa a gefenta, ita na fi tausayawa. Nakan ce, "Duba min marainiyar nan." Ranar da aka fara ambatonta sai da na raba goro.

A majalisarmu ta gindin darbejiya na zama mai kawo labari. In zauna in gyara murya in ce, "Ɗalibar Hedimasta dai an ƙara ambatonta." Akwai wani Bakano da ke zuwa sarin rake yana lodawa a mota, abokin wasana ne tun muna da baƙin gashi. Shi ya fi kowa sa ni a gaba.

"Wace ɗalibar, bawana? Hedimasta ai ya koyar da rabin garin nan."

"Wadda ka sani."

"Ni baƙo ne, ban san kowa ba. Faɗi sunan mu taya ka murna."

"Ka biya kuɗin lodin jiya tukuna."

"Ku ji Bazazzagi. Mutanen Indiya sun iya sunan, shi da ya yanka ragon ya kasa."

A yi ta dariya, ni ma in yi. Bai san inda maganar take sauka ba.

Mai ɗakina ta gane abin da nake ciki tun makon farko. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, da ka buga mata waya kawai ka huta da zaman dakali."

Na ce, "Ke kina bugawa ne?"

"Ita take bugo min. Mu yi ta hira har caji ya ƙare."

"Hirar me?"

"Komai. Ɗalibanta, shugaban sashensu mai son taro, ciwon bayanta. Sunan ne ba na kira, ai ba a ce kada in saurare ta ba."

Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, ashe ita ta daɗe da samun hanyarta, ni kaɗai aka bari a waje.

Abin da ya fasa ƙwan ya faru ne wata Lahadi cikin damina, an ɗauke ruwa ke nan, muna zaure saboda dakali ya jiƙe. Lambar babbar maƙalarta ta ƙaru, na ce ya duba min wane mai albarka ne. Ya buɗe yana karantawa a hankali, leɓensa na motsi. Sai na ga ya ɗaga gira.

"To fa. Wannan cewa yake ɗalibata ba ta yi daidai ba."

"Kamar yaya?"

"Ya ce abin da ta gani a mutanenmu, shi ya duba a nasu mutanen bai gan shi ba. Kuma yana ganin hanyar da ta bi wajen yi wa mutane tambayoyi tana da gyara."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ɗan wane gari ne. Ya ce wata ƙasa ce mai sanyi can sama. Na ce ya taɓa zuwa Kudan? Ya san Makarfi? Ya taɓa zama da mutanenmu ko da na shan fura ne? Yarinya ta bar barci ta bar hutu ta yi aikinta, shi yana zaune cikin rigar sanyi zai ce ba haka ba, kuma a gaban duniya, kuma da sunana a rubuce. Na tambaya ko yana da shugaba a kai ƙararsa. Hedimasta ya so ya yi min bayani, amma dariya ta hana shi, yana ta riƙe ciki yana cewa in zauna kada gwiwa ta tashi.

Na laluba aljihu na ciro 'yar wayata mai tocila. Lambarta tana ciki, ƙaninta ya sa min da sunan "Makarfi 2", ban taɓa danna ta ba. Sai da na ji tana ƙara a kunnena na tuna abin da nake yi.

Bugu ɗaya ta ɗauka. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Baba? Lafiya? Inna ce?"

Na gane a wurinta kiran waya daga gare ni ba shi da fassara sai rasuwa.

Na ce, "Kowa lafiya. Innarki tana madafa. Wani mutum ne ya rubuta wai kin yi kuskure. Kin sani?"

Ta ce, "Wane mutum, Baba?"

Sunan ya fi ƙarfin bakina, na kara wa Hedimasta wayar ya faɗa mata. Da na mayar kunnena sai na ji tana dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har da tari.

"Baba, ai na san shi. Ya aiko min da rubutun tun kafin a buga. Mutumin kirki ne."

"Mutumin kirki ne zai tozarta ki?"

"Ba tozartawa ba ce. Rabin maganarsa gaskiya ce, akwai abin da ban lura da shi ba. Ɗaya rabin kuma shi ne bai fahimce mu ba, ina kan rubuta masa amsa."

"Kuma an ƙirga shi cikin masu ambatonki?"

"An ƙirga."

"Mai yabo da mai suka duk ɗaya?"

"A wurin lambar dai ɗaya ne. A wurina kuwa wannan ya fi min da yawa daga cikin masu yabon, don shi ya zauna ya karanta har ya ga inda ya yi rauni. Wasu suna sa sunana ne kawai su cika takarda. Mu abin da muke tsoro shi ne ka yi aiki a yi shiru, kamar ba ka yi ba."

Ruwan da ya taru a indararo yana ɗiga a ƙofar zaure, ina jinsa.

Can ta ce, "Baba, wai a ina ka ga wannan?"

Kafin in haɗa wata ƙarya, Hedimasta ya miƙo wuya ya ɗaga murya. "Ɗalibata, ni ne malaminki. Alkawari na ɗauka amma yau na karya, Allah ya yafe min. Duk Lahadi a nan yake tsare ni. Ya fi dattawan cocinmu kiyaye Lahadi. Har maƙalarki ta ƙasa yana da sunan da ya sa mata."

Na kai masa duka da hula, ya goce.

Da ta sake magana muryar ta sauya. Ta ce, "Na ɗauka ko abin da nake koyarwa ba ka sani ba."

Na ce, "Ranar da kika zo da takarda ana matsar rake."

"Na tuna."

"Ban kyauta ba."

"Ya wuce, Baba."

"Bai wuce ba tunda kin tuna."

Ta ce za ta zo ran Asabar.

Ta zo da hantsi, ita kaɗai ta tuƙo motarta. Muka yi gaisuwar nan tamu har ƙarshe, ta yunƙura za ta tashi kamar kullum, na ce ta zauna. Na ce ta fara min daga farko, me ake nufi da wannan karatun. Ta dube ni ta ga da gaske nake, ta gyara zama a kan tabarma ta ajiye jakarta. Ta yi bayani da Hausa tsantsa, in Turanci ya kuɓuce mata ta koma ta nemo kalma. Na gane kamar rabi. Inda ban gane ba na ce ban gane ba, ta sake. Innarta ta aiko da tuwo ya huce a gabanmu, ta leƙo ta ga ba mu taɓa ba, ta koma madafa.

Da zance ya yi daɗi na ce bari ni ma in ba ta wani sirri da na gano da kaina, ta sa a littafi. Na ce in an yi gayya, mutum ba ya noma kamar yadda yake yi a gonarsa. Na bakin layi da mai gona ke gani su ke zuba ƙarfi, na tsakiya kuwa fartanya kawai suke ɗagawa suna bin kiɗa. Na jingina da bango ina jiran ta nemi biro.

Ta rufe baki da mayafi. "Baba, an daɗe da rubuta wannan. Tun kafin a haife ni."

"Wa ya rubuta?"

"Mutane da yawa."

"Sun zo gayya ne?"

"Da jan igiya suka gwada."

Na ce to Allah ya ba su lada, sun riga ni. Ta yi ta dariya har da hawaye, ni ma na biye mata. Ta ce in ba ta labarin gayyar duk da haka, don ba ta taɓa jin yadda ake raba layi ba, kuma wa ke zaɓar wanda zai tsaya a baki. Muka kai har azahar a kan wannan.

Sunan dai ban kira ba, kuma har yau bakina bai iya ba. Na gaya mata haka, ta ce kada in wahalar da kaina, ba shi take nema ba.

Da la'asar ta yi sallama da innarta ta fito. A al'adar gidanmu ƙannenta ke raka ta mota, ni ina ciki. Ran nan na sa hula na ɗauki jakarta na bi ta. Motar tana gindin darbejiya, majalisa ta cika, Hedimasta yana nan, Bakanon nan ma ya zo lodi yana zaune a kan benci yana shan rakena. Suka juyo suna kallona da jakar mata a hannu.

Bakano ya tofar da ɓawo ya ce, "Bawana, wace ce wannan ka zama ɗan dakonta?"

Na ce, "'Yata ce, ta fari. Malamar jami'a ce. Ita ce ake ambata ɗin nan."

Ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa, ya miƙe tsaye ya gaishe ta da kyau. Sauran ma suka gaishe ta. Ta amsa kanta a ƙasa, ta karɓi jakar ta shiga mota. Na tsaya a jikin taga na ce in ta gama amsar mutumin ƙasar sanyi ta karanta min kafin ta aika. Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana laluben makulli a cikin jaka, alhali yana hannunta.